Sanarwar da Aka Yi wa Dariya

Minti ashirin da sa sanarwar, mutum arba'in sun riga sun yi mata dariya. Saifullahi na tsaye a kicin ɗin maƙwabcinsa a unguwar Abbey Wood da ke Ingila, yana kallon wayarsa.

Maƙwabcin, Malam Labaran, tsohon ɗan rediyo, ya rasu da hantsi a asibiti a Camberwell. Shekara shida yana da shafi a intanet inda yake ƙirƙirar labaran barkwanci da harshen labaran gaske. Shi ya ruwaito cewa an tsare wani Bahaushe da ya zo ɗaurin aure a kan lokaci, ana yi masa tambayoyi. Bara kuma ya sanar da rasuwar kansa, wai a layin jiran ganin likita.

Bai taɓa yarda a rubuta "wasa ne" a ƙasa ba. "Ba'amurke sai ya buga maka ganga, ya ce to yanzu yi dariya," in ji shi. "Baturen Ingila kuwa zai faɗa maka da fuskar mai karanta labarai, ya koma ya sha shayinsa." A hannunsa Saifullahi ya koyi rubutu, kuma haka ya rubuta sanarwar rasuwar Malam: suna, shekaru, lokaci, wuri.

"Me suke cewa?" Adda, matar mamacin, ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Adda, ba su yarda ba. Abdul-Majeed ya ce wannan ta fi ta bara."

"Ka ƙara musu bayani mana."

"Na ƙara. Na ce wallahi da gaske ne. Sun ce Malam ya samu mataimaki."

Jana'iza gobe ce bayan azahar, ranar aiki. Wanda bai nemi izini yau ba, ba zai zo ba. Saifullahi ya ƙirga waɗanda suka tabbatar: shi, liman, da ma'aikacin makara.

Adda ta miƙo hannu. "Danna mini wurin magana."

Ta kai wayar baki kamar mai hura shayi. "Ni ce Adda. Shekara talatin da huɗu ina zaune da mutumin nan, ban taɓa gane abin dariya a maganarsa ba, kun sani. Allah ya yi masa rasuwa. Gobe bayan azahar, masallacin Old Kent Road."

Ba a yi minti biyu ba wayar ta yi ƙara. Abdul-Majeed ne, ɗaya daga cikin masu bin shafin Malam.

"Innalillahi. Saifullahi, ni fa har sharing na yi, da fuskar dariya uku."

"Da ya ji haushin fuskokin. Ka zo kawai."

"Zan yi cancel ɗin komai. Mota nawa ake buƙata?"

Washegari Saifullahi ya iso masallacin tare da motar gawa ana kiran salla. Kantar takalma ta cika, sauran sun zubo kan matakala har bakin titi, inda bas-bas ke wucewa. Ya cire nasa, ya duba dama da hagu, sannan ya riƙe su a hannu ya shiga.