Ruwan da Ya Ci Masana'antar Barozzi

Ermes Barozzi ya fara gasa tayil a garin Sassuolo na ƙasar Italiya da tanderu ɗaya, wanda ya saya a hannun wani da jarinsa ya karye. Kafin furfura ta gama cinye kansa, mutum ɗari uku ke cin abinci a ƙarƙashinsa. 'Yarsa tilo, Nives, ta karanci harkar kuɗi a Milan, ta dawo ta riƙe masa ofis.

Ita ce ta kawo wasu masu zuba jari. Suka ce za su sayi rabin kamfanin, a buɗe reshe a Sifen. Yawancin kuɗin rance ne, kuma a wuyan kamfanin aka rataya shi. A ciki akwai Yuro miliyan arba'in mai wani irin sharaɗi: ba a biyan ruwansa duk shekara, sai dai a ɗora shi kan uwar kuɗin, a biya gaba ɗaya bayan shekara shida.

"Wato shekara shida ba zai yi mini sallama ba?" in ji Ermes. "Wannan mai bin bashi ya fi suruki kunya."

"Kafin nan mun ninka ciniki, Baba. Mu biya mu huta."

Ya sa hannu yana dariya.

Da farko komai ya tafi daidai. Sai kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo, magina suka rage saye, reshen Sifen ya zama rami. Bashin kuwa yana gefe bai ce uffan ba, ruwan bara yana haifar na bana. Nives ta zaga bankuna har London tana neman wanda zai karɓi bashin ya sassauta, kowa ya ba ta kofi ya raka ta ƙofa. Da wa'adi ya cika, arba'in ta kusa tamanin. Masu zuba jarin suka kaɗe riga suka tafi, kamfanin ya koma hannun masu rancen.

Wakiliyarsu, Sinyora Cattaneo, mace ce mai ladabi, ba ta ɗaga murya. Ta ce wa Nives suna son ta zauna ta shugabanci wurin, amma tsohon zai sauka, kuma za a kashe tanderu biyu.

Nives ta sami mahaifinta a bayan gida yana ɗaure tumatir a jikin kara. Ta faɗa masa komai a tsaye. Bai juyo ba sai da ya gama ƙullin da ke hannunsa.

"Karɓi aikin," ya ce.

"Baba, kujerarka ce fa."

"In kin ƙi, wani za su kawo wanda bai san sunan kowa ba. Ke aƙalla za ki dubi idon mutum kafin ki sallame shi."

"Ni na kawo su gidan nan."

"Ina da hankalina lokacin. Miƙo mini zaren can."

Ta karɓi aikin. Ta sallami mutum casa'in da bakinta, ciki har da waɗanda suka goya ta a kafaɗa tana ƙarama. Ermes ya sauya hanyar zuwa coci don kada ya bi ta ƙofar masana'antar. Duk Lahadi tana zuwa cin abinci, ya dafa mata taliyar tortelini cikin romo, ya tambayi tarinta, ya tambayi motarta, amma bai taɓa tambayar aiki ba. Da zai zage ta, da ta ji sanyi.

Wata Lahadi cikin kaka ya fito da tayil guda shuɗi daga aljihun kwat, ya ajiye kusa da farantinta. Ashe ya yi hayar ƙaramin tanderu wurin wani tsohon abokinsa, yana yi da hannu. Ta shafa fuskar tayil ɗin, sumul. Ta juya bayansa inda ake buga sunan Barozzi, ba komai.

"Ka manta hatimi, Baba."

"Ban manta ba. Na je wurin lauya. Ya ce sunan ma yana cikin abin da muka jinginar, na masu rancen ne yanzu." Ya tura mata kwandon burodi. "Ci, zai huce."

Ta cinye tas. Sai da ta shiga mota ta ja ƙofa, sannan ta kifa kai a kan sitiyari ta yi kuka.