Idon Gwaji

"Na hagu za ki fara, 'yata," in ji Minti Biyar.

Likitar ta kashe 'yar fitilar da ta gama leƙa idanunsa da ita. Ta dubi Mai Aski, wanda ya rako shi, kamar mai neman a taya ta magana. Mai Aski ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa.

"Baba, duka biyun suna da yana," ta ce. "Amma ta dama ta nuna, har ta fara kumbura. Idon daman ne mai gaggawa. Na hagun zai iya jira."

"Da na daman nake cin abinci."

"Ai shi ya sa nake so in fara da shi."

"Ni kuma shi ya sa ba za ki fara da shi ba."

Minti Biyar mai gyaran agogo ne. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk wanda ya kawo masa agogo, ko da mota ce ta bi ta kansa, sai ya ce, "Zauna, minti biyar." Akwai waɗanda suka zauna minti biyar ɗin nan har suka yi furfura. Bangon katako ne ya raba shagonsa da na Mai Aski, shekara talatin da 'yan kai, kuma ta cikin katakon nan Mai Aski ke jin agogunan maƙwabcinsa, kowanne da ra'ayinsa. Sha biyun rana takan buga sau huɗu a shagon, wani lokaci sau biyar, har Mai Aski ya daina yarda cewa rana tana da tsakiya guda ɗaya.

Tun yana saurayi da idon dama yake aiki. A nan yake maƙala ɗan madubin nan mai kama da murfin kwalba, ya runtse na hagu ya duƙufa. Shekaru sun sa fatar wajen ta yi zobe, madubin yana zama a ciki kamar an haife shi da shi. Na hagun kuwa ɗan hutu yake ce masa, wai shekara arba'in yana barci ana ciyar da shi.

Da hazo ya fara sauko masa, bai gaya wa kowa ba. Tabarau ya riƙa saye a hannun masu yawo da faranti, yana gwadawa da rubutun kwalin ashana. Wannan ya yi wata biyu ya gaza, ya sayi wanda ya fi shi kauri. Gwangwanin biskit ya cika da su. Akwai ranar da Mai Aski ya leƙo ya same shi da guda biyu a hanci, ɗaya kan ɗaya, ga madubin aiki a kansu, idon ya yi girma kamar na bijimi. 'Yarsa Auta, wadda ke ɗinki a ƙarshen layin, ita ta tilasta masa zuwa a auna shi a yanka masa gilashi daidai idonsa. Shi ma bai shekara ba. A wurin awon ne ya ji wai akwai wani gilashi da ake liƙawa a kan ƙwayar ido, siriri kamar ɓawon kifi, da wani haske da ake goge ido da shi ba wuƙa. Ya yi mako guda yana ba Mai Aski labarinsu. Aka ce masa duk ba na irin ciwonsa ba ne. Nasa sai an cire yanar, an sa wata 'yar ƙwayar roba a gurbinta.

Likitar ta ba su lokaci su yi shawara. Suka fito suka zauna a kan benci a baranda.

"Ji nan, Sarkin Ƙeya," in ji Minti Biyar. "A sana'armu ba a taɓa agogon kirki da hannun da ba a sani ba. Sabon mai, sabon hantsaki, sabon almajirin aiki, duk a kan mataccen agogo ake gwada su. Ni kaina akwai guda a aljihun tebur, agogon gwaji. Yarinyar nan ban san hannunta ba. Kai idan ka sayi sabuwar aska, a ina kake fara sa ta?"

"A ƙeya mana, inda mai kai ba ya gani."

"To ka ji!"

Mai Aski ya yi dariya har da buga cinya. Maganar ta yi masa daidai a lokacin, ta zauna kamar hula a kan da aka gama aske. Suka koma ciki, shi ya ƙara da cewa, "Likita, ki yi masa yadda yake so, ba ya jin magana."

Ta rubuta a takarda. "Da sharaɗi ɗaya, Baba. Bayan mako shida ka dawo a yi na dama. Kada ka wuce."

"Minti biyar," ya ce mata.

Aikin bai ɗauki rabin awa ba. Washegari aka cire bandeji. Minti Biyar ya ga haske har ya kare fuska da hannu. Ya ga rigar Auta shuɗiya ce, alhali shekara biyu yana ɗauka toka-toka ce. Amma da aka nuna masa allon haruffa, manya biyu na sama kawai suka tsaya. Sauran suna rawa kamar abu a ƙarƙashin ruwa. Mako ya wuce, biyu suka wuce, ba su daina rawa ba.

"Aikin ya yi kyau," in ji likitar. "Idon ne mai rauni tun kana yaro, bai taɓa koyon gani sosai ba. Yanar ce ta hana mu sanin iyakarsa. Na daman ba haka yake ba, shi zai buɗe tar."

Minti Biyar ya gyaɗa kai kawai. Da suka dawo shago ya zauna, ya jawo kofin gilashin da ke kife a kan tebur. A ƙarƙashinsa akwai agogon aljihu a buɗe, kayan cikinsa a jere cikin murafen kwalba. Na mahaifin Mai Aski ne, Mai Askin ya kawo shi a wanke tun bara, ido ya hana a mayar. Minti Biyar ya ɗauki madubin ya kai idon hagu. Madubin ya faɗo. Ya sake sawa, ya yamutsa fuska, ya sake faɗowa ya gangara ƙarƙashin tebur. Wannan gefen fuskar bai san riƙo ba.

"Gwaji ya faɗi," ya ce.

"Ba ka ji abin da ta ce ba? Idon ne."

"Haka kowane mai gyara yake cewa idan ya ɓata aiki. Ni ma na sha faɗa. Agogon ne, Alhaji, dama can ba shi da kirki."

Mako shida suka cika. Auta ta zo da takardar asibiti, ta durƙusa a ƙofar shago.

"Baba, don Allah. Na nemi mai mota, yana jira."

"Sallame shi. Da wannan ina ganin inuwar hannuna. In na ba likitar shi ta mayar da shi kamar ɗan'uwansa, da me zan koma aiki?"

"Wane aikin, Baba? Yaushe rabonka da ka rufe agogo?"

Ta juya wajen Mai Aski, idonta ya cika. "Kawu, kai ne yake jin maganarka."

Mai Aski ya gwada. Ya gwada da lallashi, ya gwada da zagi. Ya ce ido ba agogo ba ne, kai ma ba ido ba ne, gashi in an ɓata yana sake tsirowa. Minti Biyar ya ce, "Kai ka ce ƙeya." Duk ta inda ya biyo, nan suke ƙarewa. Mai Aski ya koma shagonsa ya yanki kunnen wani direba, abin da bai yi ba cikin shekara ashirin.

A wata na biyar ciwon ya zo. Da la'asar ne, Mai Aski ya ji agogo ya faɗi ta bayan katako, ya shiga ya same shi dafe da rabin kai, idon dama ja wur, yana amai a kwandon shara. Ashe kwana uku ke nan yana ɓoyewa, yana ce wa Auta ciwon kai ne. Aka kai shi. Likitar ta haska, ta sake haskawa, ta ce, "Baba, kana ganin wutar nan?"

"Kin kunna?"

Ta cire yanar don ciwon ya lafa. Ya lafa. Amma jijiyar ta mutu, ta ce, kumburin ya shaƙe ta, kuma babu gilashi ko wuƙa da ke tayar da ita. Ba ta ce ai na gaya muku ba. Mai Aski ya so a ce ta faɗa.

Bai daina zuwa shago ba. Kowace safiya Auta ta rako shi ta zaunar, ta wuce wajen kekenta. Da ɗan hutun nasa yana ganin ƙofa, yana bambance mutum da mota, iyakarsa ke nan. Masu agogo suka zo suka karɓi kayansu ɗaya bayan ɗaya. Na bango da suka rage ya daina wana su. Mai Aski yana aski yana jin su suna mutuwa ta cikin katako, yau mai muryar ƙarfe, jibi mai tari kafin ya buga. Ranar da sha biyu ta wuce ba abin da ya buga ko sau ɗaya, sai da ya ajiye almakashi ya fita waje ya tsaya.

Abinci ma sai Auta ta tsaya a kansa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mai Aski yakan shiga duk bayan kwana uku ya yi masa gyaran fuska a kujerarsa, yana bi a hankali ta gefen zoben nan da babu abin da ke zama cikinsa yanzu.

"Ka san wani abin mamaki?" in ji Minti Biyar wata rana, kumfa a haɓarsa. "Mataccen nan yana mafarki. In na yi barci da shi nake gani. Cikin agogo kawai, tar, haƙoran nan suna cin juna. Na hagun ko a mafarki barci yake."

"Ni na sa ka," in ji Mai Aski. Askar ta goce daga haɓar. "Da na yi shiru a barandar nan."

"Kai wa? Da ka ce dama, da na ce hagu don in ba ka haushi. Riƙe askarka da kyau, ba ƙeya kake ba."

Mai Aski ya dubi kofin gilashin. An lulluɓe shi da hankici. "Bar agogon nan, ba na bukatarsa."

"Minti biyar."

A kwanakin nan yakan ji wani ɗan ƙaramin motsi ta bayan katako, ƙarfe yana taɓa ƙarfe, ya tsaya, ya sake. Bai leƙa ba.

Ranar Talata da hantsi motsin ya tsaya. Mai Aski ya gama da kan da ke gabansa, ya karkaɗe ƙyalle, ya zaga. Minti Biyar ya kifa goshi a kan tebur, hantsaki a tsakanin yatsunsa. Mai Aski ya kira shi da sunan tsokana, ya kira shi da na gaskiya. Ya taɓa wuyansa. Sannan ya cire hantsakin ya ajiye, ya taka zuwa ƙarshen layi, ya tsaya a ƙofar Auta har ta ɗago kai ta tsayar da keken da kanta.

Bayan kwana huɗu ta buɗe shagon don ta kwashe kaya. Gwangwanin tabarau ta rasa yadda za ta yi da shi, ta bar shi a bakin ƙofa ko wani zai so. Ta leƙo shagon aski da abu a hankici.

"Kawu, naka ne. Ga wannan ma, tare na gan su."

Agogon a rufe yake, an goge bayansa. Mai Aski ya wana shi sau uku, ya kai kunne. Yana tafiya, a natse, ba tangarɗa. Ya buɗe murfin. Fuskar fara ce, ga lambobinta, babu hannu ko ɗaya. Kewaye da ɗan tsinin tsakiya duk ƙananan karce ne, sun fi ɗari, wasu kusa ƙwarai, wasu can wajen ƙarfe uku.

Ya rataye shi a ƙusar da ke gefen madubi. Murfin kwalbar da Auta ta ba shi ya ajiye a kan tebur kusa da askake, hannayen biyu a ciki, dogo da gajere, sirara kamar gashin da ya zuba.