Yashin Kawu

Ruwan farko na bana bai yi wani ƙarfi ba, amma ya cika shagon wani tela da laka har idon sawu. Da safe telan ya zo ofishin kula da magudanan ruwa, ya shimfiɗa farin yadi da ya koma ja a kan teburin jami'ar da ke duba layinsu.

"Kayan mutane ne," ya ce. "Me zan gaya musu?"

Jami'ar ta sa takalmin roba, ta bi kwatar daga ƙofar shagon ta yi sama. Duk ta toshe da yashi. Ta wuce kantin magani, ta wuce mai faci, tana addu'ar kada sawun ya kai ta inda take zato. Can kuwa ya kai ta: filin buga bulo na kawunta, ƙanin mahaifiyarta. Ga tulin yashi a bakin kwata, ruwa ya zaizaye gindinsa.

Kawu yana zaune kan bulo yana shan shayi.

"A'a, Injiniya! Yau an tuna da talakawa?"

Ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi ciwon gwiwarsa, sannan ta ce, "Kawu, yashinka ne ya toshe kwata. Doka ta ce a janye shi daga baki, a yi masa shinge, a haƙa ramin da zai tare laka kafin ruwa ya fita titi. Sai an yi za a ci gaba da aiki."

Ya yi dariya har shayin ya zuba. "Ruwa na Allah, yashi na Allah. Ni na ce ya gangara?"

"Ba kai ka ce ba, Kawu. Amma kai ka ajiye shi a hanya."

Da ya ga ta ciro kwaɗo daga jaka, sai dariyar ta ɗauke. "Ke da na goya a wuyana?"

Ta sa kwaɗon ta datse injin buga bulon.

Kafin ta koma ofis Inna ta kira ta a waya. "Ɗan'uwana za ki tozarta a gaban ma'aikatansa?"

"Inna, in na ɗaga masa ƙafa, gobe da wane baki zan yi wa wani magana?"

Inna ta kashe wayar.

Washegari ta dawo filin. Ta gaida Kawu, ya juya mata ƙeya. Ta kafa turaku inda za a haƙa ramin, ta ja igiya. Ma'aikatan suka tsaya suna kallon maigidansu, babu wanda ya motsa. Sai ta naɗe hannun riga, ta ɗauki shebur ta fara da kanta. Ƙasar ta yi tauri. Kafin rana ta take, tafin hannunta ya yi bororo, ramin kuwa bai kai gwiwa ba. Ba ta ɗago ba.

"Za ki karya mini shebur!" Kawu ya daka tsawa. Ya waiwaya ga ma'aikatan. "Ku kuma kun zuba mata ido kamar gumaka. Ku karɓa mana, kafin a ce na sa 'yar yayata ƙwadago!"

A makon nan aka janye yashin, aka kewaye shi da bulo, aka yashe kwatar tun daga filin har ƙasan layi. Ta zo ta duba ramin, ta ce a ƙara zurfi. Kawu ya yi tsaki, aka ƙara. Sannan ta cire kwaɗon.

Ruwa na gaba ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Laka ta kwanta a ramin, ruwan ya bi kwata ya wuce abinsa.

Inna ta huce da wuri. Kawu kuwa har damina ta fita bai amsa gaisuwarta ba, in ta shigo gida sai ya ce da yara, "Ku tashi, ga hukuma nan." Ita dai ba ta fasa gaishe shi ba. Duk bayan ruwa tana zuwa ta leƙa ramin, in ya cika ta tsaya har a kwashe.