Wasiƙun Ƙungiyar Albasa da Ba Su Isa Ba

Zayyanu ne ya haɗa wa ƙungiyar manoman albasa ta Bodinga sabar imel, wato na'urar aikawa da karɓar wasiƙu, da ya dawo daga karatun kwamfuta. Ya ji daɗin aikin ƙwarai, don wasiƙu sun koma fita da sunan ƙungiya.

Da kaka ta gabato, wani kamfanin iri ya nemi sunayen masu son sabon irin albasa. Sakatariyar ƙungiya, Malama Khadijatu, wadda ta koyar da Zayyanu a firamare, ta aika har sau uku. Kamfanin ya ce bai ga komai ba, wa'adi kuma ya wuce.

A wurin taro shugaba Alhaji Ummaru ya dube shi.

"Zayyanu, mi yaf faru? Na'urar taka ta lalace?"

"Allah shi daɗe da ranka, lafiya lau take. Sai dai in Malama ta yi kuskuren adireshi."

Da aka tashi Malama ta ɗauki jakarta, ta shiga motar Shagari, garinsu.

Washegari da safe Zayyanu ya buɗe sabar don ya samo hujja. Ga wasiƙun nan uku, adireshi daidai, duka an ƙi karɓarsu. Sanarwar ƙin ma ta zo, tana cikin wani akwati da bai taɓa leƙawa ba. Ya kira abokinsa Bashar, mai irin wannan aiki a Sakkwato, ya karanta masa abin da ya gani.

"Ka sa sunan sabar ya nuna lambar IP ɗinta, wato lambarta ta intanet," in ji Bashar. "To lambar fa, tana nuna sunan? Sabar kamfanin ta bi lambar, ba ta tarad da suna ba, sai ta ɗauke ka ɗan damfara. Maganin hakan, PTR aka ce mishi. Waɗanda sunka ba ka lambar za ka roƙa su sa maka."

Ya rubuta musu. Kafin la'asar an sa, wasiƙar gwaji ta shiga lafiya.

Ya hau babur zuwa Shagari. Ya tarar da Malama tana tsince gero a tsakar gida. Ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai.

"Malama, laihina ne. Ki yahe min."

"Na san abin da na buga," ta ce. "Gaban mutane ka faɗa, can za ka gyara."

Ranar Litinin ya miƙe a gaban manoma, ya faɗi gaskiya. Wani dattijo ya yi tsaki. Alhaji Ummaru ya sa shi rubuta wa kamfanin bayani, suka yarda suka aiko da iri, amma rabin abin da aka nema kawai ya rage musu. Zayyanu ya cire sunan gonar gidansu daga jerin, don rabon sauran ya ƙaru.