Tsibin Mis Ozema

Ruwan ya kwana biyu a layinmu kafin ya koma rafi. Da ya janye, ya bar mana laka har idon sawu, da baƙin zane a jikin kowane bango daidai ƙugun babban mutum. Iska kuwa ta riga ta ɗebi rabonta a sama. Gida goma sha ɗaya ne a layin, tara sun yafa shuɗin tamfol.

Duk wanda ya taɓa ganin guguwa ya san aikin da ke biye. Abin da ruwa ya taɓa, waje. Katifa, kushin, kafet, duk waje. Firji a naɗe shi da salatif kada wani marar hankali ya buɗe, a turo shi bakin titi. Sannan a fasa bangon ciki daga ƙasa har a wuce inda ruwa ya tsaya, a zare audugar da ke ciki, a bar katako ya sha iska. In ka yi sati ba ka yi haka ba, funfuna ta kama katakon, sai dai ka nemi wani gidan.

Saboda haka kowa ya tara tsibinsa a ƙofar gida, ana jiran motar kwasa. Ba wuta, ba talabijin, waya ma sai ka hau gada take kamawa. Abin da ya rage mana shi ne kallon tsibin juna. Da yamma mutane kan fito wai miƙe ƙafa, amma idon kowa yana kan abin da maƙwabcinsa ya ɓoye shekara da shekaru. Mis Bernadine, wadda gidanta ke kallon nawa, ita ce mai tsibi mafi tsayi. Ta ajiye kujerar roba a gefensa, duk wanda ya wuce sai ta share hawaye ta gaya masa kantin da ta sayo kowane abu.

Shugabar taimako kuwa ita ce maƙwabciyata ta hannun dama, Mis Ozema Pitre, mai shekara saba'in da ɗaya. Ba wanda ya naɗa ta. Tun ranar farko ta aika aka tattaro duk naman da jatan landen da ke narkewa a firjin mutane, ta ɗora ƙatuwar tukunyar miyar gumbo a barandarta, tana ciyar da layin gaba ɗaya. Ita ke faɗin gidan da za a fasa yau da wanda za a fasa gobe. Miyarta da daɗi, amma ba ka karɓarta sai da ɗan ƙari.

Ranar da aka yi gidana, gidan da mahaifiyata ta bar mini, ta tsaya a gaban tsibina da ludayi a hannu.

"Zeline, 'yar nan, wannan katifar ba ita ce ta uwarki ba?"

"Ita ce, Mis Ozema."

"To guguwar nan ta taimake ki. Da ni ce, sai in rufe ta da tamfol kada baƙi su gani."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Ƙofar gidanta kuwa fes, ko tsinke babu.

"Ni ruwa bai shigo mini ba," in ji ta. "Mijina marigayi Aurel ya san yadda ake gina gida. Ba irin na wasu ba."

Gidanta da nawa tsayinsu ɗaya daga ƙasa. Kuma da sassafen ranar da muka dawo daga gudun ruwa na gan ta da buroshi da bokiti tana goge baƙin zanen daga bangonta na waje. 

Falon Mis Ozema sananne ne a layinmu. Kushin na fata daga New Orleans, kabad na gilashi cike da tangaran, agogo mai tsayin mutum. Manya sun gani da idonsu. Amma tun da Mista Aurel ya rasu, shekara shida ke nan, ba wanda ya wuce baranda. Ta ce falonta ba wurin masu takalmin roba ba ne, alhali duk layin ba mai wani takalmin.

A rana ta biyar Kawu Clovis, ƙanin mahaifiyata, ya miƙa kwanonsa ya ce, "Mis Ozema, mun gama na Zeline, mun gama na Bernadine. Gobe naki."

"Nawa me?"

"Bangonki mana."

"Clovis, mutumin da jirgin ruwansa ke kwance a tsakiyar maƙabartar coci ba shi zai koya mini kula da dukiya ba. Karɓi miyarka ka matsa."

"Ina jin wari, Mis Ozema."

"To ka yi wanka."

Ta juya ta yi tari mai tsawo a cikin gefen rigarta. Kawu ya kalle ni, na kalli kwanona.

Washegari da hantsi na hau rufina don iska ta ɗage gefen tamfol. Daga can sama ana ganin tagar Mis Ozema ta baya, labulen ya faɗi. Na leƙa ba da niyya ba, sannan na sake leƙawa da niyya. Bangon ya yi baƙi ƙirin har kusan taga, kamar an kunna masa wuta. Ban da bangon kuma ban ga komai a ɗakin ba.

Na sauko, na zagaya ta ƙofar baya, na tura. Warin ya buge ni har sai da na toshe hanci. Kafet ɗin yana fitar da ruwa in ka taka. Na wuce kicin na shiga falo. Kujerar lambu guda ɗaya ce a tsakiya, da ƙaramin talabijin a kan akwatin lemo. A jikin bango ga shatin kabad, ga shatin agogo, fentin wurin ya fi haske. A ɗakin kwana katifa ce a kan bulo huɗu, an shimfiɗa mata leda.

"Uwarki ba ta koya miki ƙwanƙwasa ƙofa ba?"

Tana tsaye a bayana da albasa a hannu.

"Mis Ozema, gidan nan zai tafi."

"Nawa ne."

"A nan kike kwana?"

"A'a, a otal nake kwana, da safe in dawo." Ta zauna a kujerar lambun, ta ɗora albasar a cinya. "Aurel ya yi wata goma sha huɗu yana jinya. Agogo ne ya fara tafiya. Mai sayen ya zo ta ƙofar baya da mota, ranar Lahadi, kuna coci." Ta yi tari. "Yanzu ki gaya mini, mai wayo. In na buɗe ƙofar nan, me zan fitar? Katifa ɗaya, kujera ɗaya? Bernadine ta zauna can tana ƙirga mini da yatsa biyu? Gara rufin ya faɗo a kaina."

"Kwana ɗaya ya rage, ko biyu, funfuna ta gama da katakon," na ce.

"Na iya ƙirga. In kika buɗe baki, Zeline, ko a jana'izata kada in gan ki."

 Na fita ta inda na shigo.

Na daɗe a tsaye a gaban tsibina. Akwai teburin cin abinci na mahaifiyata, ƙafa ɗaya ta kumbura, da kujeru uku da wata durowa. Kaya dai kaya ne, in laka ta rufe shi ba a rubuta sunan kowa a jiki ba. Amma teburin ya fi ƙarfina, sai da Kawu Clovis. Na gaya masa rabin magana, ya gane sauran rabin da kansa, ya cire hula ya sosa kai.

Kowace safiya Mis Ozema kan tafi filin coci karɓo ƙanƙara da ruwan sha, kuma takan daɗe, don sai ta gyara wa masu rabon yadda ake rabo. Washegari, tana shan kwana da kekenta na cefane muka kinkimi teburin.

"Clovis!" Mis Bernadine ce daga kujerarta. "Ina za ku kai shi?"

"Shan iska."

"A ƙofar Ozema ake shan iska?"

Ta taso, ta tsallako titi da silifa, ta dubi teburin, ta dubi rufaffiyar ƙofar, ta shaƙi iskar wurin sau ɗaya. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata. Ta dafa kafaɗar Kawu ta fashe da dariya, har ta durƙusa.

"Shekara shida! Shekara shida tana hana ni shiga saboda takalmi! Ni da na sayi kushin na fata don kada ta fi ni!"

Ta yi dariya har hawaye suka zo, na gaske wannan karon. Ta share da bayan hannu, ta shuri ƙafar teburin.

"Ku kwashe wannan tarkacen zuwa baya. Wa zai yarda Ozema ta ci abinci a kan wannan? Yi haƙuri, Zeline, Allah ya jiƙan uwarki, amma ba ta da ido. Clovis, ɗauko kushin ɗina. Na fatan. Ka sa shi a gaba, inda kowa zai gani."

"Ai kowa ya san naki ne."

"Na ce kada su sani?"

Kafin kushin ya tsallake titi layin gaba ɗaya ya ji. Kuma da yake a layinmu ba wanda ke yarda a fi shi tausayi, abin ya zama gasa. Wannan ya turo kabad a baro, wancan ya kawo madubi mai bakin zinariya. Wasu mata biyu suka kusa dambe a kan labulen wa za a ɗora a sama. Wani dattijo da ba shi da abin kirki ya kawo fitila mai siffar agwagwa, ya cusa ta a tsakiya yana waige-waige. Cikin awa ɗaya tsibin Mis Ozema ya kai tsayin barandarta.

Da muka hango ta tafe, kowa ya sami aiki. Masu shara suka kama share inda aka riga aka share.

Ta tsayar da keken. Ta zagaya tsibin a hankali, hannu a baya. Ta taɓa fatar kushin da yatsa ɗaya. Sannan ta ɗago ta neme ni da ido har ta same ni a bayan Kawu Clovis. Ta daɗe tana kallona. Ƙanƙarar tana ɗiga a kan titi.

"Wa ya sa fitilar nan?" in ji ta.

Masu shara suka ci gaba da shara.

"Ni Ozema ban taɓa mallakar fitila mai kan agwagwa ba. A mayar wa mai ita. Madubin kuma a juya shi ya kalli titi, ba a jingina madubi irin wannan a kife."

Aka cire fitilar, aka juya madubin. Ta hau baranda ta fito da makulli daga aljihu. Sau biyu ya kuskure ramin.

"Mutum uku kawai. Zeline, Clovis, da wani mai ƙarfi marar baki."

"Ba mu da irinsa a layin nan," in ji Kawu.

"To ga ni," in ji Mis Bernadine. Ta riga ta hau matakala da guduma a hannu da takalmin roba a ƙafa. Ta wuce Mis Ozema kamar ba ta gan ta ba, ta tsaya a tsakiyar falon. Ta kalli kujerar lambun, ta kalli shatin agogo. Na ga leɓenta yana motsi, maganganu sun cika mata baki fal. Ta haɗiye su.

Ta leƙa waje ta ɗaga murya. "To, an riga an fitar da kaya, bango ne ya rage! Ku shigo, me kuke jira?"

Muka yini muna fasa. A falo da kicin katakon yana da sauran rai, muka wanke shi da bilic muka buɗe tagogi. Ɗakin baya kuwa mun makara. Kawu ya soka wuƙa a ginshiƙi ta shige kamar cikin burodi, ya ce wannan sai rushewa. Mis Ozema ta ji, ta ce dama ɗakin bai taɓa yi mata ba. Ta yarda za ta kwana a gidana har nata ya bushe, da sharaɗin ba a kan katifa irin ta uwata ba.

Da yamma muka yi layi da kwanuka, kowa fari fat da ƙurar bango. Mis Bernadine ce a gabana. Mis Ozema ta ɗebo miya, ta tsaya da ludayin a sama, ta kalli nata tsibin, sannan ta kalli tsallaken titi, inda na Mis Bernadine ya koma rabi.

"Bernadine," in ji ta, yadda na ƙarshen layi zai ji, "shekara arba'in da aure, ɗan abin da kika tara ke nan?"

Mis Bernadine ta matsa gaba. Ta miƙa kwanonta.

"Ki sa jatan lande da yawa," in ji ta.