Takalmin da Ya Yi Ta Girma

Tun da bugun zuciya ya kayar da mai gyaran takalma a bakin rumfarsa, likita ta ɗora shi a kan ƙwayoyi uku. Ta ce zuciyar ta yi rauni, ba ta tura jini kamar da. Biyu za su rage mata wahala, ta ukun kuma ta fitar da ruwan da ke taruwa a jiki. Ta ja masa kunne cewa in ƙafa ta kumbura ya dawo, wataƙila ma sai ya haƙura da rumfar.

To, nan fa ake yin ta. Shekara talatin yana zaune a kan bencin nan, gara a raba shi da cin nama da a raba shi da wurin. Ita kuwa ƙwayar fitar da ruwan, yawan fitsari take sa shi, ga banɗaki can ƙarshen layi. Sai ya riƙa jefa ta cikin gwangwanin ƙusa.

Kwana goma, ƙafa ta cika takalmi. Da wani ne da ya tsorata. Gogan naka kuwa basilla ya ɗauko ya ƙara wa maɗaurin takalminsa huji. Bayan kwana biyu ya ƙara wani. Da abin ya ƙi, ya farke takalmin ya ƙara masa fata, ɗinki mai kyau har shi kansa ya yaba.

Matarsa ce ta gano, tana shara ta ɗaga takalmin.

"Malam, takalmin nan girma yake yi ko idona ne?"

"Fata ce, sakewa take yi."

"Fatar ce ta huda kanta? Tashi mu tafi asibiti."

A gaban likita tsoro ya kama shi sosai. Likitar ta danna ƙafar, wurin ya lotsa. Ta saurari ƙirjinsa, sannan ta juya takalmin a hannunta, dariya ta ƙwace mata.

"Baba, aiki ya yi kyau, amma ƙafar za mu gyara. Me ya hana ka shan maganin?"

Ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya.

"Shi ke nan? Ai da ka faɗa. Ka sha da asuba, kafin ka fita ya gama aikinsa. Ruwan bai kai huhu ba tukuna."

"Rumfar fa?"

"Mako guda a gida. In kumburin ya sauka, ka koma."

Ya sauka kuwa. Rana ta takwas ya taka har rumfa bai tsaya hutawa ko sau ɗaya ba, takalmi na ta suɓule masa a hanya. Da ya zauna a bencinsa, hawayen daɗi suka zubo masa.

Maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya leƙo, ya kalli ƙafarsa.

"Barka da arziki. Wa ya yi maka wannan aika-aika a takalmi?"

"Wani mai gyara ne," in ji shi yana goge hawaye da bayan hannu. "Bai san aikinsa ba."