Tsagar Bangon Lamba Sha Huɗu

A wancan lokacin, in ana ƙidaya wuraren aiki masu daɗi a Dutse, sai an sa Inuwa a ciki. Ƙungiya ce mai gina ƙananan gidaje tana ba marasa ƙarfi haya mai sauƙi. Ta fara ne tun da aka yi sabuwar jiha, lokacin da jama'a suka kwararo garin har wasu na kwana a barandar ofis. Albashinta ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ma'aikacinta ba ya biyan haya, gida ake ba shi a cikin rukunin. Da Babbar Sallah a raba nama, da Kirsimeti a raba shinkafa, kowa ya samu duka biyun. Ƙarfe ɗaya na rana sai a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, daga manaja har masinja hannu cikin tire ɗaya. In matarka na naƙuda, motar ofis ce za ta kai ta asibiti.

Doka ɗaya ce a wurin, ita ma ba a rubuce take ba: ɗan Inuwa ba ya kushe ginin Inuwa. Wani Mika'ilu ya taɓa rubuta takarda a kan bulo mai ƙarancin siminti. Ba wanda ya zage shi. Tiren ne kawai ya daina isa inda yake zaune, kafin wata uku ya tattara iyalinsa ya mai da mukullin gida.

Malam Maharazu ya san wannan labarin sarai. Birkila ne da aka ɗaga ya zama mai duba gine-gine, mutum mai sanyin hali, irin wanda in kaza ta shiga gabansa shi ke kaucewa. Yana zaune a gida mai lamba sha huɗu, a ƙarshen rukunin da ke bayan unguwar Takur, daidai inda ruwa ke gangarowa daga duwatsu. Gini ɗaya ne aka raba biyu da bango a tsakiya. A ɗaya ɓangaren akwai Asher, mai kula da siton ofis, da matarsa Zipporah da 'yarsu Dorcas.

A farkon daminar shekara ta dubu biyu ne Bilki, matar Maharazu, ta ja gado za ta yi shara ta kira shi.

"Malam, zo ka ga wani abu."

Tsaga ce a bangon tsakiya, ta taso daga ƙasa ta karkata ta nufi rufi. Wani zai ce fulasta ce ta bushe. Shi kuwa da ya shekara ashirin yana cin abinci da cokalin gini, ya san tsagar da ta karkata haka daga harsashi take fitowa.

"Ba komai," ya ce mata, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ya samo ɗan guntun gilashi ya ɗora a kan tsagar, ya liƙe gefe da gefe da siminti. Dabarar magina ce: in bangon a tsaye yake gilashin zai zauna lafiya, in kuwa yana motsi sai ya fashe. Daga ranar Maharazu ya zama mai gadin gilashi. Ya duba kafin ya fita, ya duba in ya dawo, ko sallah yake kunnensa na ɗakin.

Ranar Asabar da hantsi, bayan ruwa biyu, yana gyara sarƙar kekensa a tsakar gida ya ji ƙas. Ƙaramar ƙara ce, amma ji ya yi kamar a cikin haƙarƙarinsa aka yi ta. Ya shiga ya tarar da gilashin ya rabu biyu. Abin da ya fi tsinka masa zuciya shi ne 'yarsa Marwa, mai shekara biyar, durƙushe a gindin bangon tana dariya. Gyaɗa take turawa ta cikin tsagar, Dorcas na karɓa daga can ɓangaren.

Ya zagaya bayan gidan da fartanya ya tona gindin ginin. Ruwa ya riga ya kwashe ƙasar ƙarƙashi. Ya zura hannu, hannun ya shige har kafaɗa bai taɓa komai ba.

Da la'asar ya ja Asher ya nuna masa ramin. Asher ya leƙa ramin, sannan ya zauna a kan dutse.

"Malam, me za ka yi?"

"Takarda zan rubuta, Baban Dorcas. Ginin nan a kan iska yake zaune."

"In ka rubuta, fitar da mu za a yi. Ka manta Mika'ilu?"

"Ban manta ba."

"Kai kana da gidan tsohonka a Miga. Ni ina za ni?" in ji Asher. "Ka san abin da ya faru a Kaduna watannin baya, shagon ƙanina toka ya zama. Ga shi ana ta maganar ƙaddamar da shari'a, rabin mutanen cocinmu sun tura iyali gida. Ban ce wani ya taɓa ni a garin nan ba, wallahi ko harara ban gani ba. Amma a nan na san kowace ƙofa, na san in wani abu ya tashi ɗakin Maman Marwa matata za ta shiga. Ka kai ni lungun da ba a san ni ba, ina zan samu barci? Don Allah ka bari damina ta wuce."

Gaba kura, baya sayaki. Maharazu ya ce to, amma da sharaɗi kowa ya janye gado daga bangon, kuma da an ga hadari a fitar da yara. Ya dai rubuta takardar, ya ninke ta, ya dinga yawo da ita a aljihu har gumi ya fara cinye tawadar.

Wayyo, zaman tsoro ba zama ba ne. Mutumin da a da yake murna da ruwa don gonarsa ta Miga, yanzu ko gajimare ya gifta sai hankalinsa ya koma kan bangon. A gindin darbejiya ya kan sa hannu a tire ya manta bai kai baki ba, abokan aiki su yi ta tsokanarsa wai ko amarya yake nema. Ya yi yaƙe kawai.

Wata Talata suna cikin cin shinkafa da wake, gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Iska ta ɗauke murfin kwano. Maharazu bai ko wanke hannu ba ya haye keke. Kafin ya kai Takur ruwa ya tsuge, ya yar da keken a bakin kwalbati ya ƙarasa da gudu. Ruwan duwatsu na ta bugun bayan gidan, ja wur, yana shigewa ƙarƙashi ba ya fitowa.

"Ku fito! Bilki! Maman Dorcas! Ku fito da yaran!"

Suka fito ba ko takalmi, suka tsaya a filin gaban gida ruwa na dukansu, yaran na kuka. Daga ciki aka ji wani gurnani mai tsawo, sannan wani abu ya faɗo rim. Da ruwan ya tsagaita ya leƙa. Bangon bai faɗi ba, amma wani ɓangare na fulasta mai faɗin tabarma ya ɓantaro ya ragargaza kujerar da Marwa ke zama ta ci abinci.

A jiƙe sharkaf ya koma ofis ya shiga wurin manaja, Alhaji Abdulkahar, ya ajiye masa takardar a kan tebur. Ya riga ya saddaƙar cewa aikinsa da gidansa sun tafi.

Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tura masa takardar baya ba tare da ya buɗe ba.

"Mai da ita aljihu, Malam Maharazu. Wannan ai maganar gida ce, ba ta takarda ba. Haba! Ku zauna cikin wannan hali ba ku faɗa mini ba? Mu a Inuwa ba ma barin namu cikin haɗari."

Kwana biyu tsakani aka ba su gidaje a sabon layi, kan tudu, ƙofa da ƙofa da Asher. Ma'aikata suka fito kwansu da kwarkwatarsu, motar ofis ta yi sawu huɗu, har masinja ya ɗauki turmi a ka. Zipporah ta soya cincin, Bilki ta dama kunun zaƙi aka raba. Asher ya riƙe hannun Maharazu yana hawaye. A daren Maharazu ya yi barcin da ya manta akwai irinsa, ya ce lalle ya zalunci mutanen nan da mummunan zato.

Bayan mako biyu yana zagayen aiki ya bi ta ƙarshen rukunin, sai ya ga Ɗan'inna mai fenti a lamba sha huɗu, yana shafa ruwan ɗorawa yana fito. Maharazu ya shiga ɗakin. An cusa siminti a tsagar, an yi sabuwar fulasta, an shafe sumul. Ya zagaya baya, ya ga an zuba baro biyu na yashi a bakin ramin an daddanna da ƙafa.

"Wa ya sa ka?"

"Ofis mana," in ji Ɗan'inna. "Ɓangaren Asher za a zuba tsofaffin ƙofofi. Wannan kuwa gobe mai shi za ta shigo."

A Inuwa mai duba gine-gine ne ke miƙa wa sabon ɗan haya mukulli, don a ce ya gani ya yarda. Washegari Alhaji ya kira shi ya ajiye mukullin a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, harsashin nan ba a taɓa shi ba."

"An gyara abin da ya samu."

"Wallahi ruwa uku masu ƙarfi ba zai kai ba."

"Kai ke da ruwan, ko kai ke da bangon?" Alhaji ya yi murmushi, murya a sanyaye. "Mutum ɗari huɗu ke jiran gida, wasu a kango suke kwana. In kulle wannan in ce musu me? Kuma ni ban ga wata takarda da ta ce gidan na da matsala ba. Yaya sabon wuri? Ina fata iyali sun sake?"

Maharazu ya ji maganar ta shige shi har ɓargo. Ashe wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya ɗauki mukullin ya fita.

Ya tarar da ita tana jira a ƙofar gidan. Iyatu sunanta, dattijuwa mai tuyar ƙosai a bakin tasha. Kayanta duka a kura ɗaya: tabarmi, kasko, buhun wake, akwatin ƙarfe. Jikoki uku mata na riƙe da zanenta, marayun ɗanta direba. Tana hango shi ta fara sa albarka.

"Sannu ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Shekara bakwai ina bin gidan nan. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana."

Ya tsaya da mukullin a hannu. Ya tuna sabon ɗakinsa, ya tuna tire, ya tuna Asher da ke ƙofa da ƙofa da shi. Sannan ya dubi ƙaramar jikar, wadda ba ta fi Marwa ba, tana leƙen taga tana tsalle. Ya ji in ya yi shiru ba zai ƙara iya tsayawa a kan sallaya ba.

"Iya, ki saurare ni. Gidan nan ba lafiya. Ni na tashi daga cikinsa. Bangon tsakiya a tsage yake, ƙarƙashinsa rami ne, fenti kawai aka shafa. Kada ki shiga da yaran nan. Ki ba ni kwana biyu in san yadda zan yi."

Fara'ar ta gushe daga fuskarta a hankali. Ta dubi bangon mai sheƙi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kwana biyu," ta ce. "Haka wani ɗan ofishinku ya taɓa ce mini. Sunana ya zo, aka ce rufi na yoyo, in dawo jibi. Na dawo na tarar da ƙanwar wani ta shanya kaya a ciki. Na biyu aka ce masai ya toshe. Yanzu kai kuma bango. Nawa aka ba ka?"

"Wallahi tallahi, Iya, ko sisi. Zo mu zagaya baya in tona ki gani da idonki."

"In zagaya baya ka sulale da mukulli? Ɗan nan, na girmi wannan."

Kafin ya ankara ta fizge mukullin daga hannunsa, da ƙarfin da bai zaci tana da shi ba. Ta buɗe, ta tura yaran ciki, ta sa mai kura ya watsa kayan a tsakar gida ya fita. Maharazu ya riƙe ƙofar yana roƙo, ya haɗa ta da Allah da Annabi, ya ce ko da baranda ce ta kwana da su, ya ce ta zo nasa gidan.

"Sakar mini ƙofata," ta ce. "Tawa ce."

Ya ji ƙarar sakata daga ciki.

Ya buga, ya buga, har maƙwabta suka leƙo suka koma. Can ya jiyo muryar Iyatu tana cewa a shimfiɗa tabarmar a jikin bangon tsakiya, nan ya fi sanyi, yaran na gardamar wadda za ta kwanta a lungu. Iska ta taso daga gabas mai ƙanshin ƙasa. Ɗigon farko ya faɗo masa a bayan hannu, yana tsaye bai daina bugawa ba.